Hoto Na Bakwai

Bari in fara da nawa laifin kafin in shiga na mutane. Ni ma na tura hoton nan. Gurup uku na jefa shi, har da na tsofaffin 'yan ajinmu, na kuma bi shi da fuskar nan mai dariya har da hawaye guda biyar, ni da iyakar abin da na sani a ƙwallo shi ne ba a taɓa ta da hannu sai in kai ne gola. Saboda haka in kun ji ina caccakar Ƙasimu a labarin nan, ku ɗebi kaɗan ku ajiye mini.

Ƙasimu mai ɗaukar hoto ne, ɗan shekara ashirin da shida. Shagonsa na Gyadi-Gyadi bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba: farin labule na masu fasfo, kujera ɗaya mai gurguwar ƙafa, da kwamfutar da sai an lallaɓa ta take tashi. Fasfo da biki ke ciyar da shi. In ya sami sarari yakan shiga kasuwar Tarauni ya ɗauki masu tumatir da masu facin taya, ko ya hau mota zuwa Tiga ya dawo da hoton ruwa wanda babu mai saya. Amma ransa yana filin ƙwallo. Duk Asabar da la'asar za ka same shi durƙushe a bayan raga, a filin wata firamare da ke Tarauni, gwiwoyin wandonsa jawur da ƙasa.

Ga yadda yake aikinsa. In ƙwallo ta doshi raga sai ya yi ta dannawa, tat-tat-tat, ba ya ɗaga yatsa sai ƙura ta lafa. Daga nan ba ya bin hotunan ɗaya bayan ɗaya. Tsakiya yake faɗawa, inda abin ya faru, ya zaro guda, ya tura waya, ya manna tambarinsa a gindi, ya saki a shafinsa tun 'yan wasa ba su goge gumi ba. Akwai wasu masu kyamara biyu a filin, kuma wanda ya riga saki shi ake kira biki.

Ranar wasan ƙarshe na kofin unguwanni, Taurarin Gyadi-Gyadi da Zakunan Unguwar Gano ne, saura minti biyu a tashi, Zakuna na gaba da ci ɗaya. Aka yi cincirindo a bakin raga. Mubarak, ɗan gaban Taurari, ya yi tsalle, ƙwallo ta gangara, Bello golan Zakuna ya faɗa kanta. Rabin fili ya ce ta shiga. Alƙalin wasa ya kaɗa hannu.

"Ba ta shiga ba! A ci gaba!"

Ƙasimu ya leƙa bayan kyamararsa. Goma sha biyu ya ɗauka, ya dira a kan na bakwai. Ga ƙwallo cikin raga da kusan taku guda, fes, har ɗinkin jikinta ana ƙirgawa. Tunda ya fara sana'ar bai taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba. Ya duba haske, ya duba layi, ya duba ko tambarinsa ya zauna daidai, ya saki. Abin da bai duba ba shi ne kusurwar hagu ta sama, inda alƙalin wasa yake tsaye, usur a baki, yana kallon wani wuri daban.

Alƙalin wasan kuwa Malam Ɗan'azumi ne, wanda kowa ke kira Baba Alƙali. Shekara talatin da ɗaya yana busa wasan unguwa, yana kuma faɗa a kowace majalisa cewa usur ɗinsa bai taɓa yin ƙarya ba. Shi ne mahaifin Nafisa. Nafisar da Ƙasimu ya shekara biyu yana zuwa zance wurinta, wadda an riga an tsayar da Lahadi ta sama baffanninsa za su je neman aurenta.

Kafin magariba hoton ya zaga Kano. Kafin Juma'a, in Baba Alƙali ya tsaya bakin titi, sai direbobin adaidaita su rage gudu su leƙo.

"Baba, ba ta shiga ba!"

Su ƙara wuta suna dariya.

*

"Ko tabarma bai shimfiɗa mana ba," in ji Baffa Isyaku da suka dawo ranar Lahadin. Ya cire hula ya kifa a gwiwa yana fifita da hannun riga. "A tsaye muka gaisa, kamar masu tambayar hanya."

"Baffa, wallahi ban lura da shi a hoton ba."

"Ka lura da ɗinkin ƙwallo, ba ka lura da surukinka ba. Lallai ka iya sana'a."

Ƙasimu ya sunkuyar da kai.

"Ya ce sharaɗi ɗaya ne. Asabar mai zuwa, kafin a take wasa, ka karɓi lasifika a gaban jama'a ka ce hoton haɗi ne, a kwamfuta ka tura ƙwallon ciki. In ka faɗa, mu koma, ya shimfiɗa mana har darduma. In ba ka faɗa ba, ko ruwan sama ne ya koro ka kada ka fake a layinsu."

"In ce ƙarya na yi? Baffa, wa zai ƙara yarda da hotona a garin nan?"

"Ni dai an ba ni saƙo na isar. Gwaggonka da na aura ba da kyamara na same ta ba."

Da a ce iyakar abin ke nan, da wataƙila Ƙasimu ya haɗiye. Amma akwai Bello.

Washegarin wasan, Bello gola ya je har majalisar Baba Alƙali, ya durƙusa, ya ce a gaban kowa shi ne ya riƙe ƙwallon, kuma a kan layi ya danne ta. Tun daga ranar ya zama ɗan gida. Yana da adaidaita uku a kan titi da wata tsohuwar mota mai ƙofa ɗaya da ba ta buɗuwa, kuma da ita yake kai Baba masallacin Juma'a, ya zagayo ya buɗe masa mai buɗuwar. Da ya nemi izinin gaisawa da Nafisa, Baba ya ce shi ba ya yi wa 'ya'yansa dole, amma yaron da ya tsaya masa ranar da gari ya juya masa baya ba zai hana shi zaure ba.

Ranar Talata da hantsi motar ta tsaya a ƙofar shagon Ƙasimu, ta toshe masa haske. Bello ya shigo cikin shadda mai maiƙo, turarensa ya riga shi isowa.

"Mai hoto! Fasfo nake so, guda huɗu. Ka fito da ni da kyau, dangin Baba na ƙauye suna son ganin fuskata."

"Babu wuta."

"Ga fanka tana juyawa."

"Ita kaɗai aka kawo wa."

Bello ya ƙyalƙyale da dariya, ya zauna a kan gurguwar kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ka san Allah, ban taɓa zaton zan tsaya a zauren gidan nan ba. Kai ka share mini hanya, Allah ya saka. In an sa rana kai za ka ɗauke mu, na kafin biki da na biki duka. Ka ga kai gwanin haɗi ne, ko amarya ba ta yi murmushi ba sai ka liƙa mata."

Ƙasimu ya ajiye tsumman da yake goge kyamara da shi.

"Bello, tsakaninka da Allah, ta shiga ko ba ta shiga ba?"

Bello ya waiga ƙofa, ya rage murya.

"Abin da alƙali ya ce shi ne ya faru. Kai ma ran Asabar haka za ka ce. Ka gyara murya, ka sha zuma."

Ya miƙe ya fita yana kaɗa mukulli. Ƙasimu ya daɗe yana kallon kujerar, yana jin haushin yadda ta ƙi kayar da shi, ita da ta kayar da wani liman watan jiya.

*

Tunda an hana shi layin su Nafisa, a gidan Gwaggo Asabe suka haɗu, ƙanwar Baba Alƙali da ke Unguwar Gano, ranar Laraba bayan la'asar. Gwaggo ta zauna a tsakar gida tana tsintar shinkafa, ta rage muryar rediyonta daidai yadda ba za ta hana ta jin zaure ba.

Nafisa daga asibitin da take aiki ta biyo, fararen kayanta na leƙowa ta ƙasan hijabi. Idanunta sun kumbura. Ko gaisuwar kirki ba su yi ba.

"Ƙasim, kalma biyu ce fa. Haɗi ne. Ka faɗa, kowa ya watse, nan da wata biyu an manta."

"Ke za ki manta? Duk ranar da na ce miki wallahi, sai ki tuna mijinki ya taɓa tsayawa gaban mutum ɗari biyar ya zuba ƙarya da lasifika."

"Zan tuna don ni ya zuba ta."

"Nafi, hoton nan shi ne abu ɗaya da na taɓa yi aka san ni da shi. Shekara biyar ina cin ƙasa a bayan raga."

"Shi kuma shekara talatin da ɗaya." Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. "Kwana goma sha ɗaya Baba bai ci abincin kirki ba. Rannan na same shi a bakin famfo yana wanke usur ɗinsa da sabulu, yana ta dirzawa, kamar shi ya yi laifin."

"Ni wa ya tambaya ko na ci?"

"Kai kana da gobe. Shi me ya rage masa? Ya yi ritaya, Inna ta rasu, abokansa ɗaya bayan ɗaya ana kai su. Ranar Asabar kaɗai yake fita ya dawo yana magana da ƙarfi. Kuma akwai abin da ba ka sani ba."

"To faɗa mini."

"Na yi masa rantsuwa."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Rantsuwa dai ta yi arha a gidanku kwanan nan. Bello ma ya yi tasa. Na ji Lahadi mutanensa za su zo gaisuwa."

"Ban ce ina son sa ba."

"Kin ce ba kya so?"

"Da wane baki? Baba ya tambaye ni, ya ce in ban so ba in faɗa. In ce masa me? In ce na fi son wanda ya mayar da shi abin tsokanar 'yan adaidaita? Na gaji, Ƙasim. A asibiti in yi wa mutane allura suna tambayata ko ta shiga. Na gaji."

"To ki aure shi mana! Ai gola ne, aikinsa ke nan, kama abin da wani ya sha wahalar bugowa."

Nafisa ta dube shi, ta cusa fuska a hijabi ta fashe da kuka, irin mai fitowa daga ciki, kafaɗunta suna rawa. Ƙasimu ya so ƙasa ta tsage. Ya matsa, ya ja da baya, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Kai ɗan nan!" Gwaggo Asabe ta ɗaga murya daga tsakar gida. "A gidana za ka sa ta kuka? Na ba ku aron zaure don a shirya, ba don a jiƙa mini shi ba."

"Yi haƙuri, Gwaggo."

"Ni ba ni ka taɓa ba."

Da kukan ya lafa, Nafisa ta share ido da bayan hannu.

"Abu ɗaya zan roƙe ka. Ka taɓa gaya mini ba ka ɗaukar hoto guda ɗaya."

"Sha biyu ne."

"To ka koma ka duba sauran. Duka, Ƙasim, tun daga farko. Ko Allah zai sa akwai wanda zai wanke Baba, kai ma ba sai ka yi ƙarya ba."

Ya ɗago kai a hankali. Sauran. Tun ranar wasan bai sake buɗe katin kyamarar ba. Ya tuna yadda Bello ya waiga ƙofa kafin ya ba shi amsa.

"Zan duba," ya ce.

Nafisa ta ji sanyi a ranta. Gwaggo Asabe kuwa, da ta ji muryar da ya faɗa da ita, sai ta daina tsintar shinkafar.

*

Bai tsaya ko'ina ba sai shago. Ya lallaɓi kwamfutar ta tashi, ya zura kati, ya buɗe hoto na bakwai. Ya danna gaba, don abin da Bello ya yi bayan shigar ƙwallon yake nema.

Na takwas, idon Bello a kan ƙwallo, ita kuma tana cikin raga. Na tara, hannunsa na dama ya zura ya yakuto ta. Na goma, tana kan layi ƙarƙashin ƙirjinsa, fuskarsa kamar ta mai jiran sallah.

Na goma sha ɗaya ya sa Ƙasimu miƙewa tsaye.

Baba Alƙali ya juya baya yana komawa tsakiyar fili. Bello kuwa ya tashi zaune, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya zaro harshe, yana nuna ƙeyar tsohon da babban yatsa. 'Yan bayansa biyu suna dariya har da riƙe ciki.

"Alhamdu lillahi," in ji Ƙasimu, da muryar da bai kamata a yi hamdala da ita ba.

Washegari da safe ya nufi Ƙauyen Alu wurin Filibus, wani mutumin Filato da ke buga manyan ƙyallayen roba irin waɗanda 'yan siyasa ke ratayawa. Ya ce a jera masa na tara da na sha ɗaya, faɗin ƙafa goma. Filibus ya gyara tabarau ya matso da fuska jikin allon.

"Oga Ƙasim, wannan ai ba hoto ba ne, gobara ce."

"Buga kawai."

"Tsohon yana ciki fa."

"Bayansa ne kawai."

"Wancan karon ma kusurwa ce kawai."

Injin ya fara tafiya, harshen Bello yana fitowa a hankali, ja, tsawon hannun mutum.

Kwana biyun da suka rage Ƙasimu ya yi su cikin wani irin nishaɗi da ban so in ce na san shi ba, amma na san shi. Ya tsara yadda Bello zai daskare. Ya tsara yadda motar nan mai ƙofa ɗaya za ta bar Tarauni ba sallama. Ya tsara yadda Baba Alƙali zai aiko a kira shi, ya ce ɗana na zalunce ka, shi kuma ya yi shiru na ɗan lokaci, ba mai tsawo ba, daidai yadda tsohon zai ɗanɗana, sannan ya ce ba komai Baba. Har wurin da zai tsaya ya yi shirun ya gwada a gaban farin labule. Nafisa ta turo saƙo tana tambaya ko ya duba. Ya rubuta mata: Na samu. Ta turo masa addu'a mai layi shida.

*

Ranar Asabar filin ya fi ranar wasan ƙarshe cika. Ni ma ina wurin, ba zan ɓoye ba, har da kujerata ta roba na je. Masu rake da masu ruwan leda sun yi ciniki. Nafisa da Gwaggo Asabe suna can gefe ƙarƙashin darbejiya. Baba Alƙali yana tsaye kusa da tsakiyar fili cikin baƙaƙen kayansa da suka sha guga, usur a wuya, Bello a gefensa riƙe masa da gorar ruwa.

Tun da azahar Ƙasimu ya zo ya naɗe ƙyallen a jikin sandar saman raga, ya ɗaure da igiya. Kowa ya ɗauka tallar wani ɗan takara ce.

Aka miƙa masa lasifika.

"Jama'a, assalamu alaikum. An ce in zo in gaya muku hotona haɗi ne."

Jama'a suka miƙo wuya.

"To ni ban iya haɗi ba. Amma ga wanda ya iya."

Ya taka zuwa raga ya fizge igiyar. Ƙyallen ya warware ya rufe bakin ragar ruf.

Na sha jin ihu a rayuwata, ban taɓa jin irin wannan ba. 'Yan Gyadi-Gyadi suka yi ta tsalle suna kiran Bello ɓarawo. 'Yan Unguwar Gano suka riƙe baki. Wayoyi suka tashi sama kamar an shuka su. Gorar ruwa ta suɓuce daga hannun Bello, ya waiga hagu ya waiga dama, babu ƙofar da zai duba wannan karon. Ƙasimu ya tsaya yana kallonsa, yana sha a hankali. Duk abin da ya tsara ya zo daidai, har ya fi.

Daɗin bai kai minti ɗaya ba.

"Me ya rataya?" in ji Baba Alƙali. "Bello, mene ne a jiki?"

Bello ya kau da kai.

Tsohon ya fara takowa wajen ragar. Ya zo inda ake ajiye ƙwallon fenariti, inda ko jariri zai ga hoto mai faɗin ƙafa goma, bai tsaya ba. Ya ci gaba har sai da hannunsa ya taɓa robar. Ya karkata kai yana leƙe da gefen ido, hancinsa kusan a jikin ƙyallen. Ya shafa da tafin hannu, ya bi ta kan harshen Bello, ya bi ta kan ƙeyarsa shi kansa.

Ihun ya fara mutuwa daga gaba, ya bi layi-layi har baya.

"Wani ya gaya mini abin da ke jiki mana."

Lasifikar tana hannun Ƙasimu, a kunne, taku uku daga bakin tsohon. Har mai rake na bakin ƙofa ya ji.

Nafisa ta keto fili da gudu, hijabinta na tashi. Ta kama hannun mahaifinta ta saƙala a nata, a gwiwar hannu, irin riƙon da ba yau aka fara shi ba.

"Baba, mu tafi gida."

"Sai kin gaya mini."

Ta gaya masa, a hankali, tana kuka. Hannun Bello a cikin raga. Harshen. Yatsan. Idon da ya rufe.

"Wane idon ya rufe?"

"Na hagu, Baba."

Ya gyaɗa kai.

"Bai ƙirga daidai ba. Duka biyun ne." Ya juya wajen da yake jin numfashin jama'a. "Yanar ido ce ta rufe su. Shekara biyu ke nan da kunne nake busa muku wasa. Yarinyar nan kullum sai ta roƙe ni in je a kankare, na ce in aka gan ni da bandeji a ido za a ce duk wasannin baya a makance na busa. Na sa ta rantse. To ga shi, an hutar da ita."

Ya cire usur daga wuyansa, ya laluba ya rataye shi a ƙusar jikin sandar raga.

"Bello, ka gaya wa mutanenka su huta gobe." Ya kasa kunne. "Mai hoto kuma yana ina?"

"Ga ni, Baba."

Tsohon ya juyo, ya fuskanci wani wuri kaɗan daga gefen kafaɗar Ƙasimu.

"Ka yi gaskiya, yaro. Ta shiga. Na janye sharaɗina, tunda babu sauran abin da zai rufe. Ni ba na dole, ba na kuma hani. Ga ta nan, tambaye ta."

Wannan ne wurin da Ƙasimu ya gwada yin shiru a gaban labule. Shirun ya zo, amma ba irin wanda ya gwada ba.

"Nafi..."

Ba ta kalle shi ba.

"Na ce ka nemo wanda zai wanke shi, Ƙasim. Ka rubuto mini ka samu. Na kwana ina yi maka addu'a." Ta gyara riƙon hannun mahaifinta. "Ka goge lambata. Hotunana ma ka goge, ka iya zaɓen abin da za ka ajiye."

Suka ratsa fili a hankali, jama'a na darewa. Gwaggo Asabe ta bi bayansu, da ta zo daidai Ƙasimu ta dube shi sama da ƙasa, ta ce Allah ya ƙara basira, ta wuce. Ba a buga wasa ran nan ba, don babu wanda ya iya zuwa ya ciro usur ɗin. Ni ma na miƙe na ɗauki kujerata, na goge abin da na ɗauka a waya, bayan na tura wa mutum ɗaya tak.

*

Lahadi ta zo ta wuce, babu wanda ya shimfiɗa tabarma a zauren Malam Ɗan'azumi. Ƙasimu ya kira wayar Nafisa sau goma sha tara, ba ta shiga ba, daga baya ma aka ce layin a kashe yake.

Litinin da safe ya buɗe shago, ya kori wani mai son fasfo, ya lallaɓi kwamfutar ta tashi. Ya yi niyyar goge sha biyun gaba ɗaya. Hoto na bakwai ya buɗe a gabansa, mai kyau kamar kullum. Ya ɗora yatsa zai goge, sai maganarta ta faɗo masa: duka, tun daga farko.

Ya danna baya.

Na shida, ƙwallo tana gangarawa. Na biyar, tana sama, Mubarak yana saukowa daga tsalle. Na huɗu ma ya fito fes, hasken la'asar ya zauna daidai, har filastar da ke ɗaure a ɗan yatsan ana gani.

Da hannu Mubarak ya tura ƙwallon.